Ƙara wa motar gudu da aka daina ƙerawa ƙarfi: yadda za ka sayi kaya ba tare da sun kwashe maka aljihu ba

A shekarar 2002 kamfanonin Japan suka rufe layin ƙera manyan motocinsu na gudu guda uku kusan a lokaci ɗaya: Nissan Skyline GT-R R34, da Toyota Supra A80, da Mazda RX-7 FD. Dokar hayaƙi ta ƙara tsanani, kasuwar irin waɗannan motoci kuma ta yi sanyi. Honda S2000 ta bi sahu a 2009, Mitsubishi Lancer Evolution a 2016, Dodge Viper a 2017. Motocin suna nan a hannun mutane, masu sonsu ma ƙaruwa suke yi, amma duk wanda ya taɓa neman turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ko kuloci ko salansa na ƙarin ƙarfi domin ɗaya daga cikinsu ya san farashin na iya sa mutum ya ajiye waya ya yi shiru.

Kafin a shiga matakai, ya kamata ka san daga ina tsadar take fitowa, don da wannan sanin ne za ka gane inda za a iya kauce mata da inda dole a biya.

Babban dalili shi ne ƙarancin adadi. Kamfanin da zai ƙera wani ƙarfe sai ya biya kuɗin zane, da na mazubi, da na gwaji, tun bai sayar da ko guda ɗaya ba. A ɗauka, don misali kawai, wannan shiri ya ci dala 100,000. In zai sayar da guda 50,000, dala 2 ce ta hau kan kowanne. In guda 400 kaɗai zai sayar, kowanne ya ɗauki dala 250 tun ba a sa kuɗin ƙarfe da na aiki da riba ba. GT-R R34 gaba ɗaya ba a ƙera 12,000 ba. Mazda MX-5 kuwa ta haura miliyan ɗaya tun 2016, shi ya sa kayanta suke ko'ina kuma da sauƙi. Bayan haka akwai sababbin masu saye: dokar Amurka ba ta barin a shigar da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba sai ta cika shekara 25, saboda haka R32, wato GT-R ta shekarun baya kafin R34, ta samu shiga daga 2014, R34 daga 2024, masu neman kaya suka ninka alhali kayan ba su ƙaru ba. Na ƙarshe shi ne kuɗin suna. Abu ɗaya, ƙira ɗaya, in aka rubuta Supra a kwalinsa sai ya fi tsada a kan in an rubuta sunan wata motar gida.

Dalili na farko ba ka da iko a kansa. Na ƙarshe kuwa, da ɗan bincike, mafi yawansa za ka iya ƙin biya.

Mataki na 1: Yanke shawarar me kake so motar ta yi, ka rubuta

Motar hawa ta yau da kullum, ko ta filin tsere mai kwana-kwana, ko ta gudun miƙe? Kowacce da kayanta. Ka sa adadin ƙarfin doki da kake nema, ka tsaya a kai. Yawancin asarar da ake yi a wannan harka daga sayen abu sau biyu take: mutum ya sayi nozul da famfon mai da kuloci na ƙarfin doki 400, bayan wata shida ransa ya biya 600, sai duka a kwance a sayar da hasara.

Ka kuma sani cewa ƙarfi ba ya hawa da farashi daidai wa daida. Akwai iyakar da kayan cikin inji na asali da giyabos suke ɗauka. Ƙasa da wannan iyaka, kayan waje kawai kake canzawa. Da zarar ka tsallake ta, sai an buɗe inji, an sa fistin da sandunansa masu ƙarfi, an taɓa giya, kuɗin ya yi tsalle. Ga mai lissafi, wuri mafi daɗi shi ne ɗan ƙasa da wannan iyaka.

Mataki na 2: Duba lafiyar motar kafin ka sayi ko ƙusa

Motar da ta shekara 20 ko 30 ba ta kan ƙarfin da ta fito da shi. A auna matsin kowace silinda, a yi gwajin yoyon iska, a duba matsin baƙin mai idan inji ya yi zafi, a leƙa ƙarƙashi a nemi tsatsa. In RX-7 ce, injinta mai juyawa ne, 13B-REW, ba shi da fistin, kuma na'urar awon matsi ta musamman ake sa masa domin kowace rota, wato abin da ke juyawa a madadin fistin, fuska uku gare ta. Awon da aka yi da na'urar inji na gama-gari yana iya ɓoye matsala.

Sannan a bi duk abin da yake roba: tiyon ruwa, tiyon mai, bel, bushin, kujerun inji. Roba tana mutuwa da shekaru ko da motar a ajiye take. Tsofaffin tiyon mai ma ba a yi su don fetur mai yawan itanol ba. Wannan aiki ba ya burge kowa, ba a ɗaukar hotonsa, amma sau da yawa bayan an gama shi mai mota yakan ji kamar an ƙara mata ƙarfi, alhali nata ne da ya ɓace ya dawo.

Kowace mota tana da sanannen rauninta, kuma nan kuɗin farko ya kamata ya tafi. Injin RB26 na GT-R: turbo ɗinsa na asali farfelar tangaran gare su, suna farfashewa in aka matsa iska da yawa, kuma a R32 na farko-farko wurin da karanshaf ke juya famfon baƙin mai siriri ne, yana iya fasa famfon. RX-7 FD: zafi ne abokin gabarta, tana da wani ɗan tankin ruwa na roba da ke tsagewa, ga tarin ƙananan tiyon iska masu sarrafa turbo biyun da suke bushewa su karye. S2000 ta farko: in an taɓa kuskuren giya inji ya wuce iyakar juyawarsa, abin da ke riƙe bawul yakan tsage a ɓoye. Evolution: famfon da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya yana cin tsatsa.

Mataki na 3: Raba kayan motar kashi uku

Nan ne ainihin ajiyar kuɗi take, don haka bari a daɗe a kai.

Ka ɗauki takarda ka yi layi uku. Na farko, kayan da motarka kaɗai ke amfani da su kuma an daina yi: bulok ɗin inji a wasu motoci, giyabos, gilasai, fitilu, dashbod, fatun jiki, wayoyin lantarki na asali. Na biyu, kayan da motarka ta yi tarayya da wasu motoci. Na uku, kayan da ba ruwansu da kowace mota, girma da awo kawai ake dubawa.

Kashi na uku ya fi yadda mutane suke zato yawa. Turbo kansa kamfanoni irin su Garrett da BorgWarner ne ke ƙera shi, bai san a wace mota zai zauna ba. Abin da ya keɓanta da motarka shi ne bututun da ke haɗa shi da inji. Nozul na Bosch, famfon mai na Walbro, na'urar sanyaya iska, na'urar sanyaya baƙin mai, tiyo da mahaɗansu, kwamfutar inji mai zaman kanta irin ta Haltech ko Link ko MoTeC, duka haka suke. Idan ka sayi cikakken kunshi mai ɗauke da sunan motarka, kana biyan kuɗin waɗannan kaya, da kuɗin haɗa maka su, da kuɗin suna. Wani lokaci kunshin ya cancanci kuɗinsa, musamman in babu gwanin walda a kusa da kai, domin an riga an gwada shi ya zauna daidai. Amma ka buɗe jerin abin da ke ciki, ka nemi farashin kowanne shi kaɗai, ka ga nawa ne bambancin. Sai ka yanke hukunci da ido buɗe.

Kashi na biyu yana bukatar haƙurin bin lambobi. Kamfanonin mota ba sa son ƙera abu sabo in akwai wanda zai yi a rumbunsu, ko a rumbun wani. Lamborghini Diablo ta ƙarshe-ƙarshe fitilun gaban Nissan 300ZX take ɗauke da su. Lotus Elise ta koma amfani da injin Toyota. Injin 2JZ-GTE na Supra yana cikin Toyota Aristo, ɗan'uwansa marar turbo kuma yana cikin Lexus GS300 da IS300 da SC300, kuma abubuwa da dama suna shiga juna. Giyar Tremec T56 ta Viper danginta suna cikin Corvette da Camaro, ko da yake ba kowane abu na ciki ne ɗaya ba. Hanyar ganowa ita ce ka ɗauki lambar sassis ɗin motarka, ka shiga kundin kaya na kamfanin, ka fitar da lambar abin da kake nema, sannan ka bincika wace mota ce kuma take amfani da wannan lamba. Ka duba ko an maye gurbin lambar da sabuwa, don sau da yawa abin da aka ce maka ya ƙare yana nan da wata lamba. Na'urorin awo na inji, boris, silin mai da kwayil su ne suka fi faɗowa a nan.

Har ila yau akwai aron kaya daga sabuwar mota. Masu RB26 sun daɗe suna sa kwayil na GT-R R35 da ɗan faranti na haɗi. Masu Supra da suka rasa giyar Getrag V160, wadda aka daina yi kuma ta yi tsada ƙwarai, suna sa giyar CD009 ta Nissan 350Z ko giyar ZF mai hawa takwas da ke cikin BMW da yawa. Mai son motar ta zauna yadda ta fito zai ɓata fuska, kuma in don ajiya da sayarwa ka saye ta yana da gaskiya. In don tuƙi ce, gara giyar da za ka samu wata gobe in ta fashe.

Kashi na farko kuwa, ba saye ake yi ba, karewa ake yi. Duk wani ƙarin ƙarfi da zai sa abin da ba a samun madadinsa cikin haɗari, a sake tunani. Kuɗin babban lagireto da na'urar sanyaya mai ba komai ba ne a kan kuɗin neman bulok.

Mataki na 4: Tambayi kamfanin da ya ƙera motar

Mutane da yawa ba su san an dawo da wasu kayan ba. NISMO, reshen tsere na Nissan, ya fara sake ƙera kayan R32 a ƙarshen 2017, ya ƙara da R33 da R34, daga baya har da bulok da kan injin RB26. Toyota ta fara fitar da kayan Supra A70 da A80 a 2020 ƙarƙashin GR Heritage Parts. Mazda ta buɗe shirin gyaran MX-5 ta farko a 2017, sannan ta dawo da wasu kayan RX-7. Porsche Classic, reshen tsofaffin motoci na Porsche, ma tana buga wasu ƙananan kaya da na'urar ɗab'i ta 3D mai fitar da abu sukutum, har da wani hannun kuloci na motar Porsche 959. Ba araha suke ba, amma sabo na kamfani ya fi tsoho da ɗan kasuwa ya ɓoye yana jiran farashi ya hau, kuma wani lokaci ma ya fi shi sauƙi.

Mataki na 5: Bi tsari wajen ɗaurawa

Taya da birki tukuna. Taya mai kyau, da takalmin birki mai jure zafi, da ruwan birki sabo mai jure tafasa, da tiyon birki masu rigar ƙarfe, suna canza mota fiye da yadda kuɗinsu ya nuna. Manyan birki na Brembo da makamantansu sai in ka tabbatar na asalin suna gajiya a filin tsere. Ka duba girman tayar ma: wasu tsofaffin girma sun yi wuya, kamar faffaɗar tayar baya ta Viper ta farko mai inci 17, kuma sauya rim zuwa girman da ake samu yana rage kashe kuɗi na shekaru.

Sai sanyaya, sai ƙafafu. A nan ka zaɓi shokozoba da ake iya buɗewa a gyara, irin na Öhlins ko Bilstein ko KW. Mai arha da ba a gyarawa, in ya mutu bayan shekara biyu kuma kamfanin ya daina yi wa motarka, ka koma farko.

Sai mai da kwamfuta: famfo, nozul, da saitin inji. Sai kuloci. Turbo shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne kowa yake son fara saye. Ƙarin iska ba tare da isasshen mai ba yana narkar da fistin, a injin RX-7 kuwa ƙwanƙwasa ɗaya mai ƙarfi, wato mai ya fashe a cikin inji ba bisa ƙa'ida ba, ta isa ta karya silin bakin rota.

A ware kuɗin mai saiti tun farko. Saitin da aka yi a kan na'urar daino mai auna ƙarfin mota, a hannun wanda ya san irin injinka, shi ne ke sa kayan su yi aiki tare. Mutum ya kashe dukiya a ƙarfe sannan ya nemi mai saiti mafi arha, wannan shi ne a sayi doki a kasa sayen linzami.

Wata gaskiya game da S2000: injinta na farko F20C yana juyawa har sau 9,000 a minti, kuma Honda ta riga ta matse kusan duk abin da ke cikinsa. Salansa da bututun iska masu tsada ƙara suke ƙara mata, ƙarfin kaɗan ne. Mai wannan mota ya zuba kuɗinsa a taya da ƙafafu, ko ya tara ya sa abin cusa iska irin turbo gaba ɗaya.

Mataki na 6: Na hannu, da jabu, da wanda za a ƙera maka

Akwai kayan da ake saye na hannu hankali kwance: salansa, bututu, rim in an duba tsagewa da lanƙwasa, sandunan daidaita kwana, kujeru. Akwai waɗanda sai da kuɗin gyara a lissafi: turbo, shokozoba, nozul da dole a wanke a auna. Akwai waɗanda ba a saye na hannu sam: boris na inji, bel, gasket, famfon baƙin mai, ƙusoshin kan inji da ake ɗaurewa sau ɗaya. Kasuwar gwanjo ta Japan a intanet cike take da kayan ƙarin ƙarfi na kamfanonin HKS da GReddy da Tomei da aka daina yi, amma ka nemi hoton lamba da na kowane gefe, ka tambayi ko ƙananan maƙalai da ƙusoshi suna ciki. Rashin wani ɗan maƙali da ba a samunsa yana iya mayar da abu mai tsada kwandon shara.

Jabu ya yi yawa a inda kaya suka yi tsada: turbo, nozul, famfon mai, fulogi, rim, birki. Ka sayi waɗannan daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, ka duba lambar a wurin kamfanin in yana da hanyar tantancewa. Rim na jabu yana fashewa a ramin da na gaske zai lanƙwashe kawai.

Abin da ya ɓace gaba ɗaya ana iya ƙera shi. Gwanin walda zai yi maka salansa da bututun turbo da bakin ƙarfe marar tsatsa. Injin sassaƙa mai kwamfuta zai fitar da maƙali ko faranti daga dunƙulen alminiyam. Ƙananan kayan roba na cikin mota ana buga su da na'urar ɗab'i, amma ba kowace roba ke jure zafin ɗakin inji ba. Guda ɗaya yana da tsada, domin kuɗin zane da saita inji duk a kansa yake. Shi ya sa masu mota iri ɗaya suke haɗa oda, mutum 20 ko 30 su raba kuɗin shirin. In za ka shiga irin wannan, ka ga samfurin da aka ɗaura a mota tukuna, kuma ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗi, don odar haɗaka takan yi jinkiri, wata ma ba ta fitowa. Kada a yi gwajin ƙira a kan abin da rai ya rataya a kai, wato sitiyari da birki da hannuwan ƙafa.

Mataki na 7: Lissafa kuɗin abu har ya hau mota

Farashin da ka gani a shafi somin-taɓi ne. Ƙara kuɗin jigila, wanda ga manyan kaya irin bamba da salansa girman kwali ake aunawa ba nauyi kaɗai ba. Ƙara harajin kwastan, da canjin kuɗi, da gasket da ƙusoshi da man da za a zuba, da aikin makaniki, da sake saiti. A tsohuwar mota ka ajiye wani abu a gefe, domin ƙusa mai tsatsa za ta karye, kuma in an buɗe wuri sai an ga wani abin. Ka haɗa ayyukan da suke wuri ɗaya: in an sauke giya don kuloci, a canza silin bayan karanshaf a lokacin.

Doka ma kuɗi ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka kayan da suka shafi hayaƙi sai suna da lambar amincewar CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar. A Jamus ana neman takardar amincewa ko binciken TÜV, masu duba lafiyar motoci. A Japan akwai binciken lafiyar mota na dole da ake kira shaken. Ka san dokar inda motar take da rajista kafin ka yi oda, kuma ka sanar da kamfanin inshora abin da ka canza, don kada su ƙi biya ranar da ake bukata.

Mataki na 8: Adana duk abin da ka cire

Kada ka yar da kayan asali, kada ka sayar da su don cike kuɗin sababbi. Akwatin iska, salansa, rim, sitiyari, kwamfutar inji, har ƙananan maƙalai: a wanke, a shafa mai inda ƙarfe yake, a rubuta suna, a ajiye a busasshen wuri. A kasuwar waɗannan motoci wadda take yadda ta fito ta fi wadda aka canza daraja, kuma kuɗin kayan ƙari ba ya dawowa in an zo sayarwa. Saboda haka ka fifita canjin da ake iya kwancewa: kada a yanke wayoyin asali in akwai mahaɗin da ke shiga kai tsaye, kada a huda dashbod don agogon awo, kada a yanka fatar jiki. Ka riƙe rasit na kowane abu, da takardar sakamakon daino, da kwafin saitin kwamfuta a wuri biyu, domin in mai saitin ya bar sana'a ko kwamfutar ta ƙone, da wannan kwafin ne wani zai ɗora daga inda aka tsaya.